Filin Tambaya da Amsa: Kayan da aka yi domin haske, me ya sa haske ke cinye su?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin da na ware a wannan fitowar kusan duk abu ɗaya suka zagaye, wato sinadaran kabon da ake sarrafa hasken leza da su da kuma yadda hasken ke lalata su. Ta farko ce za ta ci mana wuri don ita ce uwar sauran, wanda ba ɗan kimiyya ba ma ya daure ya bi mu a hankali, zan yi ƙoƙari kowa ya samu abin ɗauka.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina mastas a fiziks, sufabaiza na ya ba ni aiki a kan rinin DR1 da ake cakuɗawa da robar PMMA don nonliniya optiks, fannin sarrafa haske mai ƙarfi irin na leza. Na narkar da su na shafa a gilashi ya fito ja mai kyau wlh, amma da na haska masa koren leza na nanomita 532 ba a jima ba sai wurin ya koma fari-fari, siginal ɗin da nake aunawa kuma sai sauka yake. Na haɗa wani, shi ma haka. Dan Allah ni ne na ɓata haɗin ko rinin ne jabu? Da kuɗina na sayo shi kuma ba arha. Ɗalibi daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba kuma da wuya a ce rinin jabu ne. Abin da ka gani da idonka a kan gilashin nan shi ne babban ƙarfen ƙafar da ya riƙe irin waɗannan kaya tun wajajen 1990, manyan lab a Amurka da Turai da Japan sun kashe shekaru a kansa, kaga ashe kai ba matsala ka samu ba, kan aikin ka faɗo.

Bari in ɗan koma baya saboda sauran jama'a. Hasken yau da kullum in ya ratsa gilashi, yadda ya shiga haka yake fita, ja ya shiga ja zai fito. Amma in haske ya yi ƙarfi irin na leza, akwai kayan da elektron ɗin cikinsu ba sa amsa masa daidai wa daida, amsar takan karkace, sai a tura launi ɗaya a samu wani launin, ko kuma a ɗan sa wa kayan wutar lantarki a canza saurin da haske ke gudu a cikinsu. A 1961 Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka fara nuna haka, shekara ɗaya kacal bayan an ƙera leza ta farko, suka harba jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 694 cikin kiristal na dutsen kwaz suka samu ɗan haske mai nanomita 347 wanda ido baya gani, rabin na farko cif. Hasken da suka samu ƙanƙani ne ƙwarai, amma daga nan fannin ya tashi.

Toh daga baya sai aka lura wasu molekul na kabon sun fi kiristal ɗin duwatsu iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Siffarsu kusan ɗaya ce, a ƙarshe ɗaya akwai ɓangaren da ke tura elektron, a ɗaya ƙarshen akwai mai jan elektron, a tsakiya kuma akwai gada ta tagwayen ɗauri wadda elektron ke zirga-zirga a kanta ba tare da an riƙe su gam ba. DR1 naka haka yake, amino mai turawa a nan, naitiro mai ja a can, gadar azo (naitirojin biyu masu tagwayen ɗauri) a tsakiya, kuma asalinsa rinin yadi ne, dangin wanda ake rina poliyesta da shi. Ga inda gizo ke saƙar: sakin da aka yi wa elektron ɗin nan shi ne ya ba molekul ɗin ƙarfinsa, kuma shi ne dai ya sa yake shan haske, ya kuma sa gadar ta zama wurin da ya fi sauƙin kai wa hari. Ba za ka raba su ba. Duk wanda ya zo maka da rini ya ce ƙarfinsa ya ninka na kowa, tambayar farko da za ka yi masa ita ce, kwana nawa yake yi a ƙarƙashin haske?

Yanzu zo mu duba farin tabon naka. DR1 ya fi shan haske a wajajen nanomita 480 zuwa 500, kai kuma 532 ka haska masa, wato kana cikin yankin da yake sha sosai. Miliwat ɗaya tal na koren haske yana ɗauke da foton, wato ƙwayoyin haske, kusan tiriliyan 2,700 a kowane sakan, ka tattara su a ɗan wurin da bai kai kan allura ba, kowane molekul a wurin yana haɗiyar foton yana saki ba hutu. Mu ɗauka a misali cikin haɗiya miliyan sau ɗaya ne kawai abu ke ɓaci, ai da wannan yawan ba za a daɗe ba ka ga wurin ya koɗe.

Me ke ɓata shi? Mafi yawan lokaci ba hasken shi kaɗai ba ne, da ɗan hannu, kuma ɗan hannun iskar oksijin ce. Robar PMMA da kake gani kamar ta toshe, oksijin na ratsa ta. Oksijin da muke shaƙa a kwance take, bata cika far wa molekul haka kawai ba, amma in rini ya sha foton ya hau sama, wani lokaci maimakon ya sauke ƙarfin a matsayin zafi sai ya miƙa wa oksijin da ke gefensa, ita kuma ta rikiɗe ta zama abin da ake kira singilet oksijin, mai zafin nama, mai neman tagwayen ɗaurin kabon ido rufe. In ta kama gadar ta yanke ta shikenan, mai turawa da mai ja sun rabu, launi ya tafi, ƙarfin ya tafi, kuma baya dawowa. Abin da ke sa atamfa ko labule su koɗe in an bar su a rana kenan, sinadarin ɗaya ne, kawai dai leza ta matse aikin wata da watanni cikin mintuna. George Stegeman da mutanensa a Orlando ta jihar Florida sun bi wannan abu daki-daki a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, suka gwada rini iri-iri a cikin iska da kuma a cikin naitirojin, suka ga in an kori oksijin rayuwar rinin na tsawaita sosai, suka kuma ga masu gadar kabon da kabon irin rinin DANS sun fi saurin mutuwa a kan masu gadar azo. Ma'aunin da suka yi aiki da shi har yau yana da amfani, wato ka ƙirga matsakaicin yawan foton da molekul ke haɗiya kafin ya lalace, suna kiransa B, sannan ka raba shi da yawan shan haske na molekul ɗin a launin da kake aiki da shi. In lambar ta yi girma kayan zai daɗe.

Amma kar ka yi saurin yanke hukunci cewa naka ya mutu, don DR1 na da wani hali. Gadar azo takan lanƙwashe in ta sha haske, molekul ya tashi daga miƙe ya koma a tanƙware, bayan ɗan lokaci ya sake miƙewa, kuma in ya miƙe ba lallai ya fuskanci inda yake fuskanta da ba. Yawancin leza irin taka haskensu ta fuska ɗaya yake kaɗawa, molekul ɗin da ke kwance ta wannan fuskar su ne ke shan dukan, su yi ta juyi har su faɗa ta gicciye inda hasken baya kama su, sai su zauna a nan. Kai da ke kallo sai ka ga kamar rini ya ƙare alhali yana nan, kwanciya ya gyara. Gwajin bashi da wuya: rage hasken ya yi rauni sosai, sa folaraiza, wato matatar da ke barin haske mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce, auna abin da ke ratsa tabon, sannan juya folaraiza digiri 90 ka sake aunawa. In ta fuskar farko ya yi haske amma ta gicciye ya ƙara duhu, juyi ne. Ɗumama gilashin zuwa inda robar ke laushi ka bar shi ya huce, in jan ya dawo ka tabbatar. In kuwa ta ko'ina fari ne kuma ɗumamawa bata dawo da komai ba, an yanke gadar.

Akwai kuma mutuwa ta uku wadda ba ruwanta da launi. Kafin rini a cikin roba ya yi aikin canza launin haske irin na Franken ko na modileta, wato na'urar da ke rubuta data a kan haske, dole molekul ɗin su tsaya sahu ɗaya kansu na kallon wuri guda, in kowa na kallon inda ya ga dama ƙarfinsu na kashe juna. Shi ya sa ake ɗumama robar har ta yi laushi, a sa mata lantarki mai ƙarfi wajen bolt 100 a kowace maikiromita, a bar ta ta huce wutar na kunne. PMMA na laushi a wajajen digiri 105, in ka zuba mata rini kuma abin na sauka ƙasa da haka, toh a hankali sahun na watsewa ko a duhu ne, zafi kuma na gaggauta shi, kuma ka san yadda lab ɗinmu ke zama a watan Afrilu in ba wuta. Juyin da na faɗa a sama shi ma yana watsa sahun. Don haka in siginal na sauka amma jan na nan daram, can za ka duba.

Shawarata, ka mai da wannan koɗewar ta zama ita ce firojet ɗin in sufabaiza ya yarda. Haɗa samfur biyu daga kwaɓi ɗaya, ɗaya a buɗe, ɗaya ka rufe shi da wani gilashin ka liƙe gefuna da epoksi, in da hali a cikin naitirojin. Rubuta ƙarfin leza, faɗin tabo, kaurin shafin da zafin ɗaki duk lokacin da ka auna, don in babu waɗannan lambar da ka samu ba wanda zai iya kwatanta ta da tasa. Sauran samfur ɗin kuma naɗe su a takardar alminiyam ka sa a kwalba da silika jel, kar ka bar su a tebur kusa da taga.

TAMBAYA: Malam ina gyaran waya da ƴan kayan lantarki a Kano. Irin koren leza ɗin nan mai kama da biro da yara ke wasa da shi, ana kawo min wanda haskensa ya dushe, na sa sabon batir amma a banza. Wani ya ce min wai akwai dutse a ciki da ke ƙonewa. Gaskiya ne?

AMSA: Maigida sannu da aiki. Wanda ya faɗa maka bai yi nisa da gaskiya ba. Yawancin waɗannan biro ba kore suke haifarwa kai tsaye ba. In ka kwance kan za ka ga diyod, shi yana ba da haske mai nanomita 808, gabansa akwai ƴar mitsitsiyar kiristal da ke karɓar wannan ta fitar da 1064, manne da ita kuma akwai wata mai suna KTP wadda ke raba 1064 biyu ta ba da 532, koren da kake gani kenan. Wato aikin Franken na 1961 ne a aljihun yaro. Su biyun duka ba su fi ƙwayar shinkafa ba, galibi an manne su da gam a cikin ƴar tagulla.

KTP ba sinadarin kabon ba ce, don haka oksijin bata cin ta yadda take cin rini. Amma ita ma tana da nata ciwon, in koren haske mai ƙarfi ya daɗe yana ratsa ta wani toka-tokan layi na fitowa a hanyar da hasken ke bi, ya riƙa shanye hasken. A manyan leza an san wannan sosai. A ƴan biro masu arha kuwa abin da ya fi yawa shi ne diyod ya gaji, ko biron ya faɗi kiristal ta goce daga saiti, ko gam ɗin ya yi hazo, sannan suna da tsirfa da zafi da sanyi, wanda ke haske rangaɗau da rana zai iya dushewa da asubar hunturu sai ya ɗumama a hannu.

Abin da nake roƙonka da Allah, kar ka leƙa bakinsa don ka ga ya dushe. Masu arha da yawa ba a sa musu matatar da ke tare 808 da 1064 ba, idonka baya ganinsu da kyau ko ma sam, baya ƙiftawa, su kuma suna shiga har ƙwayar ido ta ciki su ƙona. Koren na iya mutuwa waɗancan na nan da ƙarfinsu. Ka faɗa wa iyayen yaran ma. Akwai sabbi masu diyod da ke ba da kore kai tsaye a wajajen 520, su babu kiristal a cikinsu, amma su ma ba abin haska wa ido ba ne.

TAMBAYA: Barka Malam. Aikina jan faiba da haɗa na'urorin intanet. Na karanta cewa ana so a sa roba a cikin modileta a maimakon kiristal. In dai haske da zafi na lalata ta, me ya kai mutane wannan wahalar? Ai mu abin da zai shekara ashirin ba a taɓa shi ba muke so. Daga Abuja.

AMSA: Injiniya tambayarka ita ce dai wadda kamfanonin sadarwa suka yi ta yi wa masu bincike, kuma suna da gaskiya. Amma duba abin da ke jan mutane. Modileta ita ce ke rubuta data a kan hasken da ke bin faiba, kuma shekara da shekaru kiristal ɗin litiyam nayobet ce sarauniya, ma'aunin ƙarfinta wajen pikomita 30 ne a kowane bolt. Robobin da aka cusa wa rinin zamani sun haura 100, wasu sun kai ɗaruruwa. Ma'ana ƙaramar na'ura, ƙaramin boltej, ƙarancin cin wuta, kuma a manyan cibiyoyin data inda ake da irin waɗannan dubbai a gini ɗaya kuɗin wuta da na sanyaya wuri ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma sauri, don a roba elektron ne kawai ke motsi, kuma siginal ɗin lantarki da hasken suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Tun 1997 aka nuna modiletar roba mai gudun gigahaz 110 a Kalifoniya, a 2000 ƙungiyar Larry Dalton da William Steier suka buga a mujallar Science wadda ke aiki da ƙasa da bolt ɗaya, a 2019 kuma mutanen Juerg Leuthold a Zurich ta Suwizalan suka kai gigahaz 500 da ƴar na'urar da aka zuba wa rini a tsakanin ƙarafa biyu.

Za ka ce ai faiba da haske mai nanomita 1310 da 1550 take aiki, nesa da inda rini ke shan haske, toh me zai same shi? Abu biyu. Na farko matsi, in ka tura miliwat 10 cikin magudanar da faɗinta maikiromita ɗaya ne tsayinta ɗaya, ƙarfin hasken a wurin ya kai megawat ɗaya a kowace murabba'in santimita, wato ya ninka hasken rana tsaka wajen sau miliyan goma, kuma magudanan silikon da ake zuba rini a ciki yanzu ramin nasu ma bai kai haka faɗi ba. A irin wannan ƙarfi ko ɗan wutsiyar shan haske da ta rage tana aiki, sannan molekul na iya haɗiye foton biyu lokaci guda, biyu na 1550 daidai suke da ɗaya na 775, kuma rinin masu ƙarfi a wannan yankin suke sha. Na biyu, duk sanda aka tsawaita gada don a ƙara ƙarfi, shan hasken na matsowa kusa da launin faiba, tagwayen ɗaurin da oksijin za ta kama kuma na ƙaruwa. Ƙari a kan haka ita kanta oksijin tana da layin da take hawa singilet a nanomita 1270, maƙwabcin 1310, shi ya sa masu gwaji ke sa ido sosai a wannan zangon.

Maganin da ake bi ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗaure gadar a cikin zobba don ta rage lanƙwasa da buɗewa, ana rataya wa molekul manyan rassa su kare shi su kuma hana shi mannewa da ɗan uwansa, ana zaɓar roba mai jure zafi sosai ko a ɗinke sarƙoƙinta da juna bayan an jera sahu yadda ba mai juyawa. Akwai masu zuba sinadarin da ke kwantar da singilet oksijin, irin DABCO, aikin da karotin ke yi a ganyen tsiro kenan. Amma a ganina wanda ya fi duka tasiri shi ne toshe ƙofa, a rufe na'urar ruf ba iska ba danshi, ko a lulluɓe ta da siririn alumina da ake shimfiɗawa zara-zara. Masu allon OLED da ke wayarka haka suka tsira, su ma kayansu na kabon ne masu tsoron oksijin da ruwa, kuma gashi suna shekaru suna aiki. A 2020 ƙungiyar Shiyoshi Yokoyama a Jami'ar Kyushu ta Japan ta nuna modiletar roba da silikon mai kai gigabit 200 a sakan wadda ke aiki har a zafin digiri 110, abin da a shekarun DR1 da PMMA ba mai mafarkinsa. Duk da haka kafin kamfani ya saya sai kaya sun wuce gwajin Telcordia, wato ƙa'idojin gwada ɗorewar kayan sadarwa, irin su digiri 85 da danshi kashi 85 na sa'o'i masu yawa, kuma ni ina goyon bayan wannan tsananin ɗari bisa ɗari, rahoton da ya faɗi ƙarfi bai faɗi daɗewa ba rabin rahoto ne.

Kar kuma a manta ita ma litiyam nayobet da ciwonta ta zo. A 1966 Arthur Ashkin da abokansa a Bell Labs suka ga haske na hargitsa ta yana watsa kansa a ciki, sai daga baya aka gano in an zuba mata magnisiyam wajen kashi 5 abin na lafawa. Yanzu kuma ta dawo a siririn shafi tun aikin Harvard na 2018, gasar ta ƙara zafi, don haka roba sai ta nuna shekarunta kafin ta karɓi wurin.

TAMBAYA: Malam ina koyar da kemistiri a sakandare a Maraɗi. Na ji wai akwai rinin da in leza ta ƙona shi yana warkewa da kansa. Da gaske ne ko zancen intanet ne? Kuma su kiristal na kabon fa, su ma haka suke lalacewa?

AMSA: Malama da gaske ne. Mark Kuzyk da ɗalibansa a Jami'ar Jihar Washington suka ba da rahotonsa a farkon shekarun 2000, da wani rini ruwan lemo mai suna Disperse Orange 11 a cikin PMMA. Sun haska masa leza har hasken da yake fitarwa ya faɗi, suka kashe leza suka bar shi a duhu, bayan sa'o'i zuwa kwanaki sai ga shi ya farfaɗo. Abin da ya fi ɗaukar hankali, in rinin a cikin ruwan narkarwa yake baya warkewa, sai a cikin roba, kuma sun nuna ba wai lafiyayyun molekul ne ke kwararowa daga gefe su cike gurbi ba. Bayanin da suka kawo shi ne molekul ɗin na taruwa rukuni-rukuni a jikin sarƙar robar, lafiyayyun da ke cikin rukuni na taimaka wa wanda ya ji rauni ya koma yadda yake, kuma sun ga in rinin ya fi yawa warkewar ta fi kyau. Sai dai ba kowane rini ke haka ba, kuma ko a wannan ɗin in aka tsananta hasken akwai kason da ke tafiya baya dawowa.

Kiristal kuwa sun huta da matsalar watsewar sahu tunda tsarin kiristal ɗin ne ke riƙe da molekul, oksijin ma bata ratsa su da sauƙi kamar roba. Shahararriyarsu DAST, wadda Seth Marder da abokansa suka fito da ƙarfinta a 1989, ana amfani da ita wajen samar da igiyoyin terahaz, wani irin haske da ido baya gani. In kin gan ta ja ce mai duhu tana ƙyallin kore kamar ƙarfe, amma ruwa ne ajalinta, in ta sha danshi sai ta koma ruwan lemo, molekul ɗin su sake zama suna kallon juna gaba da gaba, ƙarfin ya ɓace gaba ɗaya. Ga ta da laushi, gogewa da yankawa sai mai haƙuri, leza mai ƙarfi kuma na iya ƙona fuskarta. Don haka a busasshiyar kwalba ake ajiye ta, wasu kuma a shafa mata rufi.

In kina so ɗalibanki su ga aikin haske da iska da idonsu ba sai da leza ba. Ku jiƙa farar takarda da ruwan zoɓo ko shuɗin tawadar biro ku busar, ku yanka uku, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a rana a buɗe, ɗaya a rana amma a matse tsakanin gilashi biyu an liƙe gefuna, kullum a ɗauki hotonsu tare a wuri ɗaya da waya ɗaya har mako biyu. A ja hankalinsu cewa gilashi na tare wani kaso na hasken ultrabayolet, don haka ta buɗen ma a ɗora mata gilashi a sama a kan ƴan tsakuwa yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙasa, sai bambancin da ya rage tsakaninsu ya zama na iska kawai.